Tambayi Kawu: Banbury, Garin da Shanu Suka Raya

Assalamu alaikum. Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce na ce na haura shekara 30 a wani gari na tsakiyar Ingila mai suna Banbury, wasiƙu suka yi ta sauka kamar an fasa rumbu. Na tsinci kaɗan daga ciki. Masu tambayar hanyar samun biza su yi haƙuri, wannan ba layina ba ne. Ni ɗan kara ne da ya koma tuƙin bas, daga baya gwiwa ta ce ta gaji. Sunan garin kuwa, kafin a sake tambayata, masu shi ba sa jan sa yadda aka rubuta. "Bambri" za ka ji sun ce, su haɗiye tsakiyar.

Tambaya: Kawu, barka da hutawa. Na samu gurbin karatu a Oxford, sai aka ba ni shawarar in kama ɗaki a Banbury don haya ta fi sauƙi. Duk inda na duba sai in ga an rubuta wai "garin kasuwa" ne. To wane gari ne ba shi da kasuwa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Shawarar da aka ba ka ba laifi, jirgin ƙasa minti 20 ko ƙasa da haka yake yi tsakanin garuruwan biyu, in bai yi halinsa na makara ba.

Ni ma na yi wannan tambayar lokacin da na zo. Abin da ya sa kalmar take da nauyi a wurinsu shi ne, a Ingila ta da, kasuwa ba abar da mutane kan taru gindin bishiya su fara ba ce. Dukiya ce, tana da mai ita. Sarki ne yake ba wani babba izini a rubuce, a faɗi garin, a faɗi ranar da za ta riƙa ci, shi kuma wanda aka ba ya riƙa karɓar kuɗin rumfa da na awo da tarar masu algus. Wanda ya kafa kasuwa kusa da taka ba izini, kotu za ka kai shi, kamar wanda ya ci maka iyakar gona. Masana shari'arsu na ƙarni na 13 har tazara suka yanka: mil 6 da kashi 2 cikin 3 na mil. Lissafinsu shi ne mutum yana iya taka mil 20 a yini, sai a raba uku, kaso ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu ya ba ɓarayi dama. Shi ya sa in ka shimfiɗa taswirar yankin za ka ga irin waɗannan garuruwa a warwatse kamar an shuka su da igiya: ga Brackley, ga Bicester, ga Chipping Norton, wanda kalmar farko ta sunansa ma kasuwa take nufi a tsohon harshensu.

Banbury na cikin littafin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, kuma a lokacin mallakar Bishop na Lincoln ne, wani babban malamin coci da ya fi hakimai da yawa ƙasa. Ɗaya daga cikin magadan kujerar, Alexander, ya gina kagara a 1135, wato gidan yaƙi mai ganuwa, filin kasuwa kuma ya zauna a ƙofarta. Tun ƙarni na 12 Alhamis ce ranar kasuwar, kuma har gobe Alhamis ce, an dai ƙara Asabar. Sarakuna nawa suka shuɗe, an yi yaƙin basasa, an yi gobarar 1628 da ta lashe gidaje sama da 100, amma ranar ba ta gusa ba.

Sai dai kada ka tafi da zumuɗi. Kasuwar Alhamis ta yau 'yan rumfuna ne: mai kayan lambu yana ƙwala kira, motar mai kifi, mai cuku, mai rigar waya. Kafin shayinka ya huce ka zagaye ta. In kana son ka gane abin da ya raya garin, ranar da ka sauka daga jirgi tsaya a kan gadar da ke gaban tasha. A ɗan taƙin nan za ka haye layin dogo da ya iso a 1850, ka haye kogin Cherwell, ka haye hanyar ruwan da aka haƙa da hannu ta iso a 1778, wadda dawaki ke jan siraran jirage a kanta cike da kwal daga wajen Coventry. In ka kasa kunne ta gabas za ka ji gunjin babban titin M40 da aka buɗe a 1991. Kowace hanya da ta zo sai ta sauya wa garin sana'a. Yanzu mutanensa sun haura 50,000, da yawansu kuma kwana kawai suke yi a nan, aikinsu na Oxford ko Landan ko Birmingham. Kai ma layin da za ka shiga ke nan.

Tambaya: Kawu, mahaifina dillalin shanu ne, kuma yana yawan cewa ya taɓa ji a rediyo wai kara mafi girma a Turai tana Ingila. Mu dai dariya muke yi masa. Da gaske Turawa na da kara? Daga wani ɗan dillali.

Amsa: Je ka ka ba Alhaji haƙuri, ka gaishe min da shi. Gaskiya ya ji. An yi zamanin da ake lissafa karar Banbury a matsayin mafi girma a Yammacin Turai, kuma ni da ke maka wannan rubutu na shekara tara ina wanke kashin shanunta.

Abin ya samo asali tun kafin mota da jirgi. Makiyayan Wales kan koro shanu a ƙasa, tafiyar makonni, zuwa makiyayar tsakiyar Ingila a yi musu kiwon ƙiba, daga nan a wuce da su Landan. Saboda tsawon tafiya har takalmin ƙarfe ake buga wa shanun, biyu a kowace ƙafa tunda kofaton a rabe yake. Burtalinsu ya bi ta kusa da Banbury, kuma har yau akwai guntayen hanyoyin ƙauye da ke ɗauke da sunan mutanen Wales ɗin. A cikin gari kuwa kan titi ake cinikin. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Horse Fair wurin dawaki ne, Cow Fair da ke gaban zauren majalisar gari wurin shanu, Butchers Row layin mahauta. Wani tsoho da na tarar a bakin aiki, wanda ya yi yarinta kafin a tashi kasuwar daga tituna, ya ce min ranar da take ci masu kantuna kan tokare ƙofofinsu da katako don kada sa ya leƙo, mata kuma sai sun tattare siket kafin su tsallaka. A 1925 aka buɗe sabon wuri a hayin kogi, unguwar Grimsbury, kan titin Merton, jikin layin dogo, yadda za a sauke dabba daga tarago kai tsaye cikin shinge.

Ni na shiga a 1989. Kwas na zo yi kan lafiyar dabbobi, guzuri ya ƙare kafin kwas ya ƙare, sai wani ya ce ana neman masu kora da wanki. Ranar farko ƙarfe 5 na asuba, cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, aka miƙa min takalmin roba mai kai wa gwiwa, da sanda, da mesar ruwa. Manyan motoci sun yi layi har waje, wasu sun kwana a hanya daga Scotland, wasu da shanun Ireland. Ana sauke dabba, a shafa mata gam a ɗuwawu a manna takarda mai lamba. Daga nan ba ta da suna, ba ta da ubangida, lamba ce.

Inda abin ya bambanta da wanda Alhaji ya sani shi ne babu jan hannu gefe, babu "albarka". Gwanjo ne a bainar jama'a. Akwai wani zagayayyen fili da aka kewaye da ƙarfe aka zuba masa garin katako, benci hawa-hawa ya zagaye shi. Kafin sa ya shigo sai ya taka sikeli, nauyinsa ya bayyana a sama kowa ya gani. Mai gwanjo na zaune a wani ɗan akurki a sama da makirfo, bakinsa na gudu kamar ɗalibin da ya makara da hadda. Na yi wata uku ban tsinci kalma ɗaya ba. Masu saye kuwa sun jingina da ƙarfe, hula ta rufe gira, fuska a murtuke kamar an aiko musu da rasuwa. Ba mai ɗaga hannu. Wannan ya ɗan motsa yatsa a bayan kwalar kwat, wancan ya ɗaga gira ɗaya, wani ya karkata takardar hannunsa. Kowa na ɓoye tayinsa daga na kusa da shi, mai gwanjo kaɗai ya san alamar kowa. Cikin daƙiƙa 30 an buga guduma, an buɗe ƙofa, na kora wannan waje, na gaba ya riga ya shigo. Aikina shi ne in juya dabbar a cikin fili a ga kowane ɓangare nata ba tare da ta juya ni ba. Sau biyu ta juya ni.

Akwai abu biyu da na san za su yi wa Alhaji daɗi. Na farko, dabbobi masu asali, irin bijimin da ake saye don barbara, ba da fam ake tayinsu ba, da gini ake yi. Gini tsohon kuɗi ne da aka daina bugawa tun tuni, darajarsa sule 21, fam kuwa sule 20. A al'ada mai saye ya biya gini, mai dabba ya karɓi fam, sulen da ke tsakani shi ne la'adar mai gwanjo. Ingila ta yi watsi da sule a 1971, amma a wurin cinikin dabba mai asali har yau za ka ji ana kiran gini, kowane ɗaya fam 1 da kwabo 5 na sabon lissafi.

Na biyu kuwa sai da ya sa na ji kunya. Wata rana wani manomi da ya sayar da 'yan maruƙa ya kira ni gefe, ya danƙa min takardar fam 5 a naɗe, ya nuna min wanda ya saya da haɓa, ya ce in kai masa. Gabana ya faɗi. Na ce a raina ashe har nan ana toshiyar baki, kuma ni baƙo za a sa a tsakiya. Na mayar masa, na ce ba ruwana. Mutumin ya yi jajawur, ya fizge kuɗinsa ya tafi da kansa. Da aka tashi shan shayi sai tsohon nan da na ambata ya zaunar da ni, yana dariya har da tari. Ya ce kuɗin sa'a ne. Mai sayarwa kan mayar wa mai saye ɗan wani abu don dabbar ta yi masa albarka, kuma wanda ya hana, za a yi shekaru ana faɗin rowarsa a ƙauyuka goma. Na je na ba manomin haƙuri. Bai ce komai ba, sai da Kirsimeti ta zo ya kawo min buhun dankali. Haka mutanen ƙauyukan nan suke, ba su iya cewa "ya wuce" da baki ba.

Ranar kara garin kansa wani iri yake zama. Manoma sun sa kwat ɗinsu na fita, matansu sun shiga kantuna, bankuna cike, mai aski ba ya zama. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye, ko da a takarda suna ƙarƙashin Northamptonshire ko Warwickshire, nan ne birninsu, har suna kiran yankin da "Banburyshire", lardin da babu shi a taswirar gwamnati. Manomin da ya yi kwana shida ba wanda ya yi wa magana sai karensa, ranar yake samun abokin hira. Wannan ɓangaren ba ya shiga lissafin akanta, kuma a ganina shi aka fi yin asara.

Ruwa ba ya tsami banza. Manyan kantunan zamani sun koma saye kai tsaye daga gona, a kai dabba mayanka a biya bisa nauyin nama, ba sai ta ga filin gwanjo ba. Sannan a watan Maris na 1996 gwamnati ta amsa cewa ciwon haukan shanu na iya kama mutum. Tarayyar Turai ta hana fitar da naman shanun Birtaniya, aka kuma haramta cin duk saniyar da ta haura wata 30. Na ga manyan mutane, masu gonar da suka gada tun kakan kaka, suna kallon farashi a fili suna share ido da bayan hannu. Ga shi filin karar na tsakiyar gari, masu gina gidaje na lasar baki. An yi ta zancen mayar da ita bakin babban titi, zancen bai zama ba. A watan Yunin 1998 aka buga gudumar ƙarshe. Yanzu gidaje ne a wurin da makarantar firamare. Ni kuma na je na koyi tuƙin bas ina da shekara 40 da ɗoriya.

Tambaya: Kawu, ƙanwata ta turo min hotonta a Banbury, gaban wani dogon gini mai tsini a tsakiyar shatale-tale, da kuma gunkin wata mata a kan doki. Ta ce wai shi ne abin da garin ya fi shahara da shi, kuma ya fi shekara 1,000. Haka ne? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, rabin maganar ƙanwarki gaskiya ne. Shahara kam ya shahara, domin akwai wata waƙar reno da kusan kowane yaron Ingila ya sani, ana yi masa ita ana sukuwa da shi a gwiwa, tana kiran a je gicciyen Banbury a ga wata mata a kan farin doki. Amma shekara 1,000, a'a. Wanda ta tsaya a gabansa an gina shi a 1859, don tunawa da auren babbar 'yar Sarauniya Victoria da yariman Prussia. Tsayinsa kamar mita 16. Matar kan dokin kuwa jiya-jiya ce, a 2005 aka kafa ta. Ina cikin bas ina jiran a buɗe hanya ranar da aka yaye mata mayafi.

Garin ya taɓa mallakar tsofaffin gicciye har uku, irin waɗanda ake kafawa a kasuwa, a yi shela a gindinsu, masu burodi da man shanu su baza kaya a matakalarsu. Mutanen garin ne da kansu suka farfasa su wajen 1600. A lokacin Banbury matattarar 'yan Furitan ce, wasu Kiristoci masu tsanani da ke ganin duk wani sassaƙe a matsayin bautar gumaka. Tsananinsu ya kai har sauran Ingila na yi musu ba'a, ana cewa an ga mutumin Banbury yana rataye kyanwarsa ranar Litinin saboda ta kama ɓera ranar Lahadi. Shekara 250 da wani abu garin ya yi ba gicciye, yara kuwa na waƙar gicciyen da babu shi.

In ce miki wani abu da na lura, mutanen garin nan hannunsu na da saurin rushe-rushe. Kagarar da na ambata a sama, a yaƙin basasa sojojin Sarki Charles na Ɗaya suka kama ta bayan gumurzun Edgehill na 1642, alhali zuciyar gari na tare da Majalisa. Aka yi mata ƙawanya a 1644, aka sake a 1646, unguwanni suka ƙone a tsakani. Da ƙura ta lafa, a 1648, sai aka rushe ta, jama'a suka kwashi duwatsun suka gyara gidajensu. Wannan kam ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yau rukunin kantuna ne a wurin, sunan kagarar kawai ya rage a jikin allo. Amma tsohon cocinsu fa, wanda aka ce yana cikin mafi girma a lardin? A 1790 suka ce gyara ya yi tsada, suka sa masa albarushi. Tsohon shagon da ake gasa wainar garin, wata 'yar fankasuwa mai siffar ƙwai cike da busasshen inabi da kayan ƙamshi, wadda ta yi suna ɗaruruwan shekaru, shi ma an baje shi a 1968. Sai abu ya tafi su kafa masa allo. Karar da ta ciyar da su kuwa, baƙon da ya zo yau zai yi hoto da matar da ba a ma tabbatar ta taɓa rayuwa ba, ya koma bai san an taɓa sayar da ko akuya a garin ba. Ki ce wa ƙanwarki ta nemi wainar dai, tana da daɗi da shayi. Ta tambaya ko da man shanu aka yi, don wasu masu gashi a ƙasar na sa kitsen alade a irin wannan ɓawon.

Tambaya: Baba, ni malamar jinya ce, an ɗauke ni aiki a can. Akwai masallaci da naman halal? Daga wata 'yarka.

Amsa: Akwai, 'yata, kwantar da hankalinki. Masallacin da nake zuwa yana kan titin Merton ɗin nan dai, kuma shagunan halal na nan kusa da shi. Yawancin dattawan da na tarar a sahun gaba mutanen Kashmir ne ta ɓangaren Pakistan, waɗanda suka zo aikin masana'anta tun shekarun 1960, wasunsu a kamfanin ƙarfen alminiyam da aka buɗe a 1931. Abu ɗaya: ba a yanka a gida. Ko layya ce sai a mayanka mai lasisi, ki ba mahauci suna da kuɗi tun da wuri, ki karɓi namanki a kwali. Ki zo da rigar sanyi ta kirki, sauran duk za ki samu.

Tambaya: Kawu, ni malamin tarihi ne a sakandare. Yaya Turawa suke adana tarihin ƙananan garuruwansu? Kuma kai da ka ji daga bakin tsofaffi, za a iya dogara da abin da tsoho ya tuna? Daga wani malami.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Sirrinsu ba wani abu ba ne illa takarda da naci. Tun 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Tun 1801 suke ƙidaya duk shekara 10, in ban da lokacin yaƙin duniya na biyu. Jaridar garin, Banbury Guardian, tana fitowa tun 1838, kuma tsofaffin fitowarta na nan an ɗauke su a fim, ka zauna gaban na'ura ka yi ta murzawa. Akwai ƙungiyar masu sha'awar tarihin garin da aka kafa a 1957, yawancinsu tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya, suna haɗuwa da yamma a saurari lacca a kan abin da kai za ka ce bai kai a tara mutane ba, kamar tarihin masu saƙar wani yadi mai laushi da garin ya taɓa yin fice da shi. Na je sau da yawa. Ni kaɗai ne baƙar fata, kuma da suka ji na yi aiki a kara sai suka sa ni gaba da rikoda.

Ga misalin yadda takarda da baki ke cika juna. Duk tsakiyar Oktoba ana rufe tsakiyar gari na 'yan kwanaki a kafa lilo da jirgin yara da rumfunan alewa. Yaro zai ce maka wasa ne kawai. Takarda za ta ce maka asalinsa kasuwar ɗaukar barori ce: bayan girbi, wanda ke neman ubangida na shekara sai ya tsaya a fili da alamar sana'arsa, makiyayi da ɗan tsagin ulu a hula, mai keken doki da guntun bulala, 'yar aiki da abin goge ɗaki. In an daidaita a ba shi sule ɗaya kafin alƙalami, ya tafi ya kashe a wurin wasan. Amma yadda mutum ke ji yana tsaye ana duba damtsensa kamar dabba, wannan sai a bakin wata tsohuwa da nake ɗauka a bas na ji shi, ita ma daga kakarta, wadda aka ɗauka haka tana 'yar shekara 13. Haka ƙamshin kofi. Babu kundin da zai gaya maka cewa bayan masana'antar abinci ta taso daga Birmingham a 1964, an yi shekaru in iska ta juyo duk garin kan ɗauki ƙamshin gasasshen kofi, wani lokaci har da ɗan ƙauri, kuma in ta juyo ta ɗaya ɓangaren ranar kara, wani ƙamshin ne daban.

Dogaro da tunanin tsoho kuwa, bari in ba ka labarin kaina. Shekaru ina ba da labari cewa bayan an rufe kara ne kogin Cherwell ya yi ambaliya ya shanye tashar jirgi, har ina ƙawata shi da cewa kogin ma fushi ya yi. Na faɗa wa masu rikodar nan haka, suka rubuta. Uwargidana ta ji, ta ce ban isa ba, ruwa ne ya riga. Hujjarta ita ce a makon Babbar Sallah aka yi shi, naman layya na cikin firji, tana ta fargabar kada a ɗauke wuta ya lalace, kuma da takalmin robar aikina na fita duba maƙwabta, na dawo na ce gobe akwai aiki. Na ce mata ni da na shiga ruwan har gwiwa za a gaya wa? Muka yi kwana biyu ba a ga maciji. Ranar Alhamis na tafi laburare na murza fim ɗin. Ambaliya: 9 da 10 ga Afrilun 1998, daidai hutun Ista. Rufe kara: Yuni. Na biya kasuwa na sayo mata inabi, na ajiye a kicin ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba, sai dai ta yi ta 'yar waƙa tana wanke-wanke. Washegari na buga wa mutanen ƙungiyar waya na ce a gyara.

Bara, bayan an sauko daga Juma'a, na tarar da wani dattijo a bakin titin Merton da sandarsa da jikansa, yana nuna masa gidaje yana zana da'ira a iska. Ban gane fuskar ba, amma na gane hular da tsayuwar. Na matsa na ce, filin gwanjo kake nema? Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce kai ne yaron da ke juya shanu. Yaron da furfura ta gama cinye wa kai. Ya ce filin na daidai inda motocin can suke fake. Na ce a'a, ya fi kusa da katangar makaranta, don daga ƙofar fita ina hango siginar jirgi. Ya ce siginar ai an matsar da ita. Muka yi ta yi, jikan na danna waya, har aka fara yayyafi. Ya ce zai zo da tsohon hoto mako mai zuwa. Na je Juma'a uku ina dubawa, bai zo ba tukuna.